Yadda Ake Mayar da Gidan Kaji Gidan Zama a Bayan Garin Bauchi

Garin Bauchi yana ta cinye gonakin da ke gefensa. Wanda ya bi hanyar Jos ta wajen Miri, ko hanyar Gombe ta Inkil, zai ga gidajen kaji da ɗakunan ajiyar hatsi da gari ya cim ma, masu su suna son tarewa a ciki da iyali. Abin yana yiwuwa, sai dai takarda ake fara gyarawa kafin a taɓa bulo.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Shi ke ba da shaidar mallakar filin da ke cikin birni, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce. Don haka fara gano ɓangaren da gonarka ta faɗa. Takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu tana da amfani, amma ba ta wadatar. In shaidarka ta noma ce, sai ka rubuta wa ma'aikatar filaye ta jiha a sauya ta zuwa ta gidan zama. Safiyo zai auna, ya kafa duwatsun iyaka, a tabbatar wurin bai shiga hanya ko magudanar ruwa ba, kuma ba ya ƙarƙashin babbar wayar lantarki.

Daga nan sai injiniya, kuma a nan mutane suka fi ganganci. Bangon gidan kaji 'yan layukan bulo ne, sauran duk ragar waya, harsashinsa ba a yi shi don ɗaukar nauyin ɗaki ba. A tona gefensa a ga zurfinsa da ido. In bai kai ba, a zuba sabo, a ɗaure da ginshiƙan kankare. Daɓen da ya sha kashin kaji shekara da shekaru a fasa shi a kwashe, domin in aka lulluɓe shi, da damina ta sauka warin zai taso. Ramin masai kuma a nesanta shi da rijiya, ya kasance ta gangare.

Mai zanen gini mai rajista zai fitar da taswira, a kai wa hukumar raya birane, a biya kuɗin da aka yanka a karɓi rasit. Sai an buga hatimin amincewa magina su fara aiki, kwafin taswirar kuma ya zauna a wurin ginin.

Ɗan'uwa, kada dillali ya ce maka “gina kawai, a gyara daga baya”. Ranar da aka shafa wa bangon jan fenti, kai kaɗai za a nema.