Zaɓen Reshe: Daga Gonar Rogo Zuwa Cikin Na'ura

Manomin rogo a ƙasar Karaye ba ƙwaya yake shukawa ba. Kara yake sarowa, ya yayyanka shi, ya dasa. Halin uwa shi ne halin 'ya: in mai yawan saiwa ce, sabuwar gona ta gada, in kuwa tana ɗauke da ƙwayar cutar nan da ke murɗe ganye, cutar ta bi karan. Don haka amfanin gona yakan fara ne tun daga ranar zaɓen reshe. Masu ƙera na'urorin zamani ma suna fuskantar irin wannan zaɓi.

Wayar Android da ke hannun ɗalibi, da yawancin sababbin na'urorin POS irin waɗanda ake cirar kuɗi da su a kasuwar Rogo, kowace tana da ƙaramar kwamfuta da aka dasa a cikinta. A tsakiyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar akwai wani sashe da ake kira kanel, watau ƙwaya. Shi ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, shi ke kuma magana da allo da batir da eriya. Kanel ɗin da Android ke amfani da shi shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a birnin Helsinki na ƙasar Finland cikin 1991.

Rubutun asali na Linux a buɗe yake ga kowa, amma ya yi rassa. Akwai gangar bishiya, wadda Torvalds ke fitar da sabon bugunta duk bayan mako 9 ko 10. Daga kowane bugu sai a tsiro da reshe wanda ake shigar wa gyaran kurakurai kawai, na 'yan watanni. Sau ɗaya a shekara akan ware wani a mai da shi reshen dogon zango, wanda ake kira LTS. Bayan waɗannan, kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar na'ura sukan yanki reshe su ƙara masa abin da ya dace da kayansu.

Injiniya mai haɗa manhajar na'ura yana da tambayoyi uku. Ta farko, shin reshen ya san kayan ƙarfen da za a ɗora shi a kai? Idan bai san allon na'urar ba, allon ba zai ko kunnu ba. Ta biyu, shekara nawa za a ci gaba da kula da shi? Alal misali, Linux 4.4 ya fito a Janairun 2016, masu kula da shi suka saki hannu a Fabrairun 2022. A 2023 aka ba da sanarwar rage wa'adin sababbin rassan LTS daga shekara 6 zuwa 2. Shirin CIP na Gidauniyar Linux kuwa yana riƙe wasu rassa har shekara 10, domin na'urorin jiragen ƙasa da na wutar lantarki. Ta uku, daga wace gaɓa aka yanko? Reshe kullum girma yake yi, saboda haka sunansa kaɗai bai isa ba. A tsarin haɗa manhaja na Yocto, akan rubuta sunan reshe a gurbin KBRANCH, a kuma rubuta lambar ainihin gaɓar a gurbin SRCREV, ta yadda abin da aka haɗa bana zai yi daidai da na baɗi. Haka mai bincike ke liƙa wa kowane samfur lamba da kwanan wata.

Sakaci a nan yana da tsada. A Oktoban 2016 aka gano wani aibi da aka laƙaba wa suna Dirty COW, wanda ke bai wa muguwar manhaja damar ƙwace ikon na'ura baki ɗaya. Tun 2007 yake kwance a cikin Linux, duk reshen da aka yanka a tsakani ya gaje shi. Rassan da ke da masu kula sun sami magani nan da nan; wayoyi masu yawa da kamfanoninsu suka daina aika wa gyara kuwa, haka suka zauna da cutarsu.

A nan ne kwatancen rogo ya tsaya. Karan da aka sare ya rabu da uwarsa ke nan har abada, amma reshen kanel yana iya ci gaba da karɓar magani muddin akwai mai kiwonsa. Ɗalibi na iya gwada wannan da kansa: ya buɗe saitin wayar Android, ya shiga bayanin waya, ya duba lambar kanel da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Idan kwanan watan ya shekara biyu ko uku, a yi hattara da ajiye harkar banki a cikin wannan wayar.