Yadda Za Ka Mayar Da Tsohuwar Laftof Sabar, Ka Riƙa Sarrafa Ta Daga Wayarka

A darasinmu na yau za mu ɗauki tsohuwar laftof ɗin nan da aka jingine a lungun ɗaki saboda ta yi nauyi, mu goge abin da ke cikinta, mu girka mata babbar manhajar Ubuntu Server, sannan mu ɗora mata manhajar da za ta sa ta iya ɗaukar shafin intanet. Idan mun gama, ba za ka ƙara buƙatar buɗe murfinta ba, daga wayarka za ka riƙa ba ta umarni.

Sabar, wadda wasu ke kira uwar garke, ba wata na'ura ba ce ta daban. Kwamfuta ce da aka bari a kunne tana jiran wasu na'urori su roƙe ta abu ta ba su. Duk lokacin da ka buɗe Facebook ko ka tura saƙo a WhatsApp, wayarka da irin waɗannan kwamfutoci take magana. Mafi yawansu kuma Linux ne a kansu, tsarin da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan. Ita kanta Android ɗin da ke hannunka a kan ƙwayar Linux aka gina ta, don haka ba baƙo ba ne a gare ka, fuskarsa ce kawai ba ka saba gani ba.

Na zaɓi Ubuntu ne saboda duk matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ka cin karo da ita kuma ya rubuta maganinta. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, shi ke fitar da ita tun 2004, kuma kyauta ce. Ka nemi wadda aka rubuta LTS a jikin sunanta. Irin wannan duk bayan shekara biyu ake fitar da ita a watan Afrilu, kuma ana ci gaba da toshe mata ɓarakar tsaro na tsawon shekara biyar. A nan za mu yi aiki da 24.04 LTS, wadda ta fito a 2024, wato tana da kulawa har zuwa 2029.

Abubuwan da za ka tanada

Laftof mai ƙarfin 64-bit da RAM aƙalla gigabait 2. Idan taka tsohuwa ce sosai mai 32-bit, Ubuntu ta daina yi wa irinta, sai dai ka nemi Debian 12. Sai filash mai gigabait 8, da data kusan gigabait 4, domin fayil ɗin kaɗai ya kai kimanin gigabait 3. Shawarata ka sauke shi da daddare da datar dare, daga shafin ubuntu.com kai tsaye, kada ka karɓa daga wani shafi da ba ka sani ba.

Dalilin da ya sa na fi son laftof a kan kwamfutar tebur a wannan aiki shi ne batiri. Sabar ba ta son a katse mata wuta ba zato, domin idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu a ma'adana, fayil na iya lalacewa. Batirin laftof, ko da na minti arba'in ne, zai riƙe ta kafin a tada janareto ko ka kashe ta yadda ya kamata. Amma ka juya ta ka duba: idan batirin ya kumbura, cire shi, kada ka bar shi a jone dare da rana.

Yanzu ga gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci a darasin nan. Girkawar za ta share komai da ke cikin laftof ɗin: hotuna, takardun makaranta, Windows ɗin kanta. Babu kwandon shara da za ka je ka dawo da su. Ka kwashe duk abin da kake so tukuna, kuma idan laftof ɗin ta yayanka ce, ka tambaye shi kafin ka taɓa. Shi ma filash ɗin za a goge shi.

Haɗa filash da tada kwamfuta

Kwafa fayil ɗin cikin filash kamar yadda ake kwafar waƙa ba zai yi aiki ba, dole sai an rubuta shi da manhaja ta musamman. A Windows ka yi amfani da Rufus ko balenaEtcher: zaɓi fayil ɗin, zaɓi filash, danna farawa. Wanda ba shi da wata kwamfutar zai iya yi da wayar Android, da manhajar EtchDroid da ƙaramar wayar OTG.

Kashe laftof ɗin, soka filash, kunna ta kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP yawanci F9 ne, a Dell da Lenovo F12, a Asus kuma Esc. Zaɓi sunan filash ɗinka, sannan ka zaɓi "Try or Install Ubuntu Server".

Kada ka firgita da abin da za ka gani. Babu hotuna, babu linzami, rubutu ne kawai a kan baƙin allo. Da maɓallan kibiya da Tab za ka riƙa motsawa, Space na zaɓa, Enter na tabbatarwa. Shafukan farko ba su da wuya: harshe, tsarin kibod, nau'in girkawa, ka bar su yadda suke. A shafin sadarwa, idan kana da wayar da za ka jona da rauta ta fi Wi-Fi sauƙi, domin wasu tsofaffin laftof ba a gane katin Wi-Fi ɗinsu a wannan mataki. Idan babu, jona wayarka da kebul ka kunna raba data ta USB, za ta gan ta nan take.

Shafin ma'adana shi ne wurin da ya kamata ka tsaya ka karanta. Zaɓi "Use an entire disk", ka tabbata sunan da ke ƙasa na ma'adanar laftof ɗin ne, ka gane ta da girmanta. Za ta nuna maka jan gargaɗi kafin ta fara sharewa, daga nan babu komawa baya.

Sai shafin suna. Sunan mai amfani ka rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ba baƙaƙe masu lanƙwasa. Ni zan yi amfani da dalibi a misalan da ke tafe. Kalmar sirri kuwa, lambar wayarka ko shekarar haihuwarka ba kalmar sirri ba ce. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin tunawa. Tsallake shafin Ubuntu Pro. A shafin da ke biye ka tabbata ka sa alama a kan "Install OpenSSH server", domin ita ce ƙofar da wayarka za ta bi ta shiga. Jerin manhajojin ƙarshe kada ka zaɓi ko ɗaya. Idan ta gama, zaɓi "Reboot Now", zare filash, danna Enter.

Shiga daga waya

Bayan ta tashi, rubuta sunanka da kalmar sirri. Lokacin rubuta kalmar sirri ba za ka ga komai a allo ba, ko taurari, haka tsarin yake, ci gaba da rubutu. Sai ka nemi adireshinta:

hostname -I

Za ta ba ka lamba kamar 192.168.0.105. Yanzu ɗauki wayarka, ka tabbata suna kan Wi-Fi ɗaya da laftof ɗin, ko kuma laftof ɗin tana kan hotspot ɗin wayar. Sauke Termux daga F-Droid, masu iPhone kuma su nemi Termius. A cikin Termux rubuta:

pkg install openssh
ssh dalibi@192.168.0.105

Ka sa naka sunan da naka adireshin. Za ta tambaye ka ko ka amince da wannan na'ura, rubuta yes, sa kalmar sirri. Shi ke nan, duk abin da ka rubuta a wayarka daga yanzu a laftof ɗin yake gudana. Abu na farko, sabunta komai:

sudo apt update
sudo apt upgrade

Na farko yana karɓo jerin sababbin manhajoji, na biyu shi ke saukar da su. Kalmar sudo da ke gaba tana nufin ka ari ikon shugaban tsarin na ɗan lokaci, shi ya sa take neman kalmar sirri. Duk umarnin da ka gani a intanet ya fara da sudo, ka fahimci abin da yake yi kafin ka liƙa shi.

Akwai ƙananan gyare-gyare guda uku. Agogonta za ka same shi a kan lokacin UTC, awa ɗaya a bayan namu. Gyara shi da sudo timedatectl set-timezone Africa/Lagos, 'yan uwanmu na Nijar su sa Africa/Niamey. Na biyu, idan ka rufe murfin laftof za ta yi barci, sabar kuwa ba ta barci. Buɗe fayil ɗin da sudo nano /etc/systemd/logind.conf, nemi layin HandleLidSwitch, cire alamar # da ke gabansa, mayar da shi HandleLidSwitch=ignore. Ctrl da O na adanawa, Ctrl da X na fita, sannan ka sake tada ta da sudo reboot. Na uku mutane da yawa ba su lura da shi: idan ka bar zaɓin LVM yadda ya zo, Ubuntu ba ta ba tsarin dukkan ma'adanar, sai ka ga laftof mai gigabait 500 tana nuna kusan 100 kacal. Duba da df -h, idan haka ne ga maganinsa:

sudo lvextend -r -l +100%FREE /dev/ubuntu-vg/ubuntu-lv

Kulle ƙofa kafin a shigo da kaya

Na san ana ɗokin ganin shafi ya buɗe, amma wannan matakin ya riga shi. Duk sabar da ke fuskantar intanet, akwai manhajoji masu sarrafa kansu da ke yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wato ƙofar SSH, suna gwada sunaye irin su root da admin da kalmomin sirrin da aka saba sawa. Ba su san ka ba, ba kuma ruwansu da ko kai wane ne. Wadda suka samu a buɗe sai su mayar da ita wurin haƙar kuɗin kirifto ko tura saƙonnin damfara, da adireshinka. Taka tana cikin gida yanzu, amma hannu ya saba tun daga nan, domin ranar da ka yi hayar sabar a waje matakan ɗaya ne.

Fara da katangar tsaro, kuma ka kula da jerin:

sudo ufw allow OpenSSH
sudo ufw enable

Idan ka juya su, ka kunna katanga ba ka bar wa SSH hanya ba, za ka kulle kanka a waje. A gida sai ka buɗe murfin laftof ka gyara. A sabar da ke Jamus kuwa aikin ya fi haka wahala.

Sai mu maye gurbin kalmar sirri da mabuɗi. Rubuta exit ka koma Termux ɗin wayarka, sannan:

ssh-keygen -t ed25519
ssh-copy-id dalibi@192.168.0.105

Umarnin farko yana ƙera fayil biyu, ɗaya na sirri da ke zama a wayarka, ɗaya na fili da umarni na biyu ke kai wa sabar. Kamar kwaɗo ne da mabuɗinsa: kwaɗon ka rataya a ƙofa kowa ya gani, mabuɗin yana aljihunka. Idan ta tambaye ka kalmar da za ta kare mabuɗin, ka sa, saboda waya na iya ɓata ko a fizge ta. Gwada shiga. Idan ta shigar da kai ba ta nemi kalmar sirrin sabar ba, to sai ka rufe hanyar kalmar sirri gaba ɗaya. Ƙirƙiri sabon fayil da sudo nano /etc/ssh/sshd_config.d/00-tsaro.conf ka rubuta layi biyu:

PasswordAuthentication no
PermitRootLogin no

Na sa 00 a farkon sunan da gangan. SSH na karanta fayilolin wannan jaka bi da bi bisa jerin sunayensu, kuma maganar da ta fara ji ita take riƙewa. Ubuntu kan ajiye wani fayil a nan mai suna 50-cloud-init.conf da ke cewa a bar kalmar sirri, shi ya sa wasu ke gyara babban fayil ɗin su ɗauka sun kulle alhali ƙofa a buɗe take. Adana, rubuta sudo systemctl restart ssh, kuma kada ka rufe tagar da kake ciki sai ka buɗe wata sabuwa a Termux ka tabbatar mabuɗin na shiga. Ka kuma ajiye kwafin mabuɗin a wani wuri amintacce.

Ɗora manhajar shafi

Za mu sa Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004. Ana kuma amfani da Apache, amma a kan tsohuwar na'ura mai ƙaramin RAM na fi son Nginx.

sudo apt install nginx
sudo ufw allow 'Nginx HTTP'

Buɗe Chrome a wayarka, rubuta http:// da adireshin laftof ɗin. Za ka ga shafin maraba na Nginx. Wannan shafin daga ɗakinka ya fito, ta ƙofa ta 80. Don sa naka, rubuta sudo nano /var/www/html/index.html ka zuba HTML ɗinka. Kada ka manta da layin meta charset="utf-8" a sama, idan ba haka ba ɗ da ƙ da ɓ za su iya fitowa a hargitse. Idan shafin ya ƙi buɗewa, systemctl status nginx zai gaya maka ko tana aiki, sudo ufw status kuma ya nuna ƙofofin da ke buɗe.

Kada ka tura wa abokinka da ke wani gari wannan adireshin, ba zai buɗe masa ba. Lambar da ta fara da 192.168 ta cikin gida ce, sai wanda ke kan Wi-Fi ɗinka. Kamfanonin waya kuma yawanci suna haɗa masu amfani da yawa a bayan adireshi ɗaya na waje, don haka ko ka buɗe ƙofa a rautarka saƙo daga waje ba zai iso ba. Idan shafin ya kai a nuna wa duniya, sai ka yi hayar sabar a kamfanoni irin su DigitalOcean ko Hetzner, ana biya wata-wata. A can babu filash, daga jeri za ka zaɓi Ubuntu 24.04, su ba ka adireshi, ka shiga a matsayin root. Kafin komai ka ƙirƙiri mai amfani da adduser dalibi, ka ba shi iko da usermod -aG sudo dalibi, ka kai masa mabuɗinka, sannan ka ɗauko darasin nan daga kan sudo apt update ka bi shi zuwa ƙasa.