FILIN MANOMA: Akori-Kura Mai Canja Giya Da Kanta

Yanzu da aka fara kwasar amfanin gona, hankalin manomi ya koma kan abin da zai kai masa kaya kasuwa. Da can jaki ne da amalanke. Sa'an nan aka sami akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, waɗanda giyar hannu gare su, ba kuwa garejin da za a rasa wanda ya san cikinsu. Yau kuwa da yawa daga cikin akori-kurar da ke shigowa Kano tsofaffi ne daga Amurka, irin su Toyota Tacoma da Tundra da Nissan Frontier da Ford Ranger, kuma galibinsu masu canja giya da kansu ne, watau otomatik.

A unguwar Nassarawa akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji da yawa waɗanda gidansu na nan, gonarsu kuwa tana Kura ko Bunkure ko Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ban ruwa. Irin waɗannan suna cikin masu sayen motocin nan. Mutum ya ga mota tana ƙyalli, ya zaga da ita kan titin Audu Bako ba kaya, ba tudu, ba rairayi, ya ce lafiyarta lau, ya biya. Ranar da aka ɗora mata buhunan shinkafa aka nufi Dawanau, ran nan za ta faɗi gaskiyarta.

Wannan giya ba sabon abu ba ce. Kamfanin General Motors ya fara sayar da motoci masu ita tun 1939, ba kuwa raguwa ba ce kamar yadda waɗansu direbobi ke cewa. Abin da ke kashe ta zafi ne. Domin a gane haka sai a san yadda take aiki.

A motar giyar hannu, kuloci ne ke haɗa inji da giyabos, ƙarfe da ƙarfe. A otomatik kuwa mai ne ke wannan aiki. Tsakanin inji da giyabos akwai wani tulu na ƙarfe cike da mai, a cikinsa da farfela biyu suna fuskantar juna. Inji ya juya ta farko, ta watsa mai, man ya tura ta biyu, ita kuma ta juya ƙafafu. Har wa yau man nan shi ne ke matse waɗansu faifaye sirara a cikin giyabos duk lokacin da za a canja giya, shi ne kuma ke sanyaya su. Ashe ke nan man giya aiki uku yake yi, ga ɗaukar ƙarfi, ga matsa, ga sanyayawa. In ya lalace duka ukun sun lalace tare.

Zafin da ya dace da man nan wajen digiri 80 ne a ma'aunin Salsiyas. Masana aikin suna da wani ƙiyasi, cewa duk ƙarin digiri 10 ko 11 bisa wannan yakan rage kwanan man da rabi. To, a duba halin Kano a watan Afrilu, sa'ad da zafin rana kan wuce digiri 40 tun mota ba ta tashi ba. A ƙara mata kaya. A sa ta cikin rairayi tana nishi, farfelar farko tana gudu, ta biyu da ƙyar take motsi. Duk ƙarfin da bai kai ga ƙafafu ba zafi yake zama a cikin mai. Man ya ƙone, faifaye su fara zamewa, zamewar ta ƙara zafi, haka har mota ta tsaya a hanya da kwandunan tumatir a bayanta. Tumatir kuwa ba ya jiran bakanike. Wanda aka ɗebo daga Kwanar Gafan da asuba, in bai isa 'Yankaba a ranar ba, kuɗinsa ya faɗi.

Maganar kaya ita ce babba. Jikin ƙofar direba akwai wata takarda da aka manna, an rubuta iyakar nauyin da motar za ta ɗauka, har da direba da yaransa. Ga Tacoma da ire-irenta nauyin bai cika wuce kilo 500 zuwa 700 ba. Watau buhu biyar ko shida na masara mai kilo 100. Amma sau nawa akan ga an jibga mata goma sha biyar, da leburori huɗu a zaune bisa kai? Ƙara mata sifirin a baya ba ya ƙara wa giyabos ƙarfi ko kaɗan, sai dai ya ɓoye wa mai ita abin da yake yi mata. Mai jaki ma ya san in ya ninka mangala ba sauri zai ƙara ba.

Wanda zai saya, kada ya yarda a nuna masa mota da ta riga ta ɗumi. Ya je da sassafe, a tashe ta a gabansa. Ya taka birki ya sa ta a D, ya sake sa ta a ribas. Mai lafiya takan kama nan da nan, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ta yi jinkiri sa'an nan ta buga da ƙarfi, akwai magana. Bayan ta yi tafiya ta ɗumi, a tsayar da ita a wuri mai daidai, inji na aiki, giya a P, a zaro sandar awon man giya a goga a farin ƙyalle. Mai kyau ja ne garau. Wanda ya yi ruwan ƙasa ya tsufa. Baƙi mai warin ƙauri kuwa faifaye sun ƙone, sai a bar musu abinsu komai arahar. Ko da an ga man sabo fil a tsohuwar mota, a tambayi dalili, gama akwai masu canja shi ranar sayarwa. Sa'an nan a ɗora mata ko buhu huɗu ne, a hau gadar sama ta Ƙofar Nassarawa, a saurara. In ƙugin inji ya ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, giya tana zamewa ke nan.

Akwai wani launi guda da ya fi baƙin muni, shi ne in man ya yi kauri fari-fari da ja-ja, kamar an dama shi da madara. Ruwa ne ya shiga. Yawancin motocin nan bututun man giya ta cikin lagireto yake ratsawa domin ya huce. In bututun ya tsage sai ruwan lagireto ya gauraya da mai, ya ɓamɓare faifaye. An san Nissan Frontier na 2005 zuwa 2010 da wannan lahani, har kamfanin ya tsawaita wa'adin garantin lagiretonsu a Amurka. Mai irin wannan mota ya tabbata an canja lagireton, ko kuwa a sa mata abin sanyaya mai na dabam a gaba. Wannan abin sanyayawa ma, duk wanda zai yi aikin gona da otomatik ya kamata ya sa shi, kuɗinsa bai kai kashi kaɗan na kuɗin giyabos ba. Ruwa kan shiga ta wata hanya kuma. Ambaliyar da guguwar Harvey ta kawo a birnin Hustan a 2017 ta nutsar da dubban motoci, irinsu kuwa gwanjonsu ake yi a fitar da su waje. Kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, da ita ake binciken tarihinta ta intanet.

Amma fa ba duk gardamar giya ce mutuwar giyabos ba, nan ne kuwa manoma suka fi asarar kuɗi a banza. Motocin nan kwamfuta ce ke ba da umurnin canja giya. In ta ga abin da bai gamshe ta ba, sai ta kulle mota a giya guda don kada ta ƙara lalacewa. Dalilin yana iya zama waya ce ɓera ya ci a rumbu, ko abin auna gudu ya mutu, ko batir ya yi sanyi, ko mai ne ya ragu. Na'urar bincike takan nuna wannan cikin minti kaɗan. Bakaniken da ya ce a tafi Ƙofar Ruwa a sayo wani giyabos tun bai sa na'ura ba, a nemi wani ya duba. Wanda za a sayo ɗin ma tsoho ne, ba wanda ya san wahalar da ya sha. Haka kuma da sanyin safiya na hunturu, Toyota takan ƙi shiga giyar ƙarshe sai inji ya ɗumi. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi ta.

Man giya kuma iri-iri ne, ba duk jan mai ne ɗaya ba. Tacoma na farko, na wajen 1995, Dexron suke sha. Masu silinda shida daga 2005 kuwa WS ne, ba su ma da sandar awo, sai an shiga ƙarƙashi. Frontier na waɗannan shekaru Matic J ko Matic S, Ranger na wajen 2000 kuwa Mercon V. A bi abin da littafin motar ya ce, a sayi galan mai hatimi, a guji na awo a kwalba. Motar da ke aikin gona a canja mata wajen kowane kilomita 50,000. In man ya daɗe ƙwarai kada a wanke cikin da injin matsi, gama dattin da ya kwanta zai tashi ya toshe ƙananan hanyoyi. A tsiyaye lita uku ko huɗu da ke fita ta ƙasa, a cika, bayan 'yan makonni a sake.

Saura direba. In mota na da kaya, ko ta shiga burji da rairayi, ya kashe O/D, ko ya sauko da ita 2 ko L, don kada ta yi ta hawa da sauka. Mai ja da ƙafa huɗu a sa ta a 4L tun ba a shiga taɓo ba. In ta kafe, kada ya yi ta jefa ta gaba da baya da totur a take. Minti goma na wannan ya isa ya cinye faifaye. A sauke kaya, a haƙa, a sa itace ko kara. Kullum ta tsaya cik kafin a sa ribas. Ba a tura otomatik don ta tashi, domin famfon manta da inji yake aiki. Saboda wannan dalili kuma, in ta mutu a hanya za a ja ta zuwa gari, sai an kwance sandar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya tukuna, in ba haka ba giyabos zai yi ta juyawa ba mai, kafin a iso Na'ibawa ya gama ƙonewa.

Mako mai zuwa za a yi bayanin taya da iskar da ta dace da hanyar gona.