Ciwon Ɓarin Kai da Bulimiya: Kafin Ku Sayi Ƙwayar Homiyofati

 Ni ma'aikaciyar harhaɗa magunguna ce a Birnin Kebbi, aiki kuma yakan kai ni Argungu. Kwanan nan mutane na yawan zuwa min da 'yan kwalabe masu ƙananan ƙwayoyin homiyofati farare masu zaƙi, waɗanda suka saya ta Facebook ko aka kawo musu tsaraba daga Indiya. Tambayarsu ɗaya ce: "Hajiya, wanne ne ya dace da ciwona?" Yawancinsu masu ciwon ɓarin kai ne, sai 'yan mata ƙalilan masu wata larura da suke kunyar ambata.

Homiyofati daban yake da maganin gargajiyarmu na saiwa da sassaƙe. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya ƙago shi a 1796, bisa tunanin cewa abin da ke jawo alamar ciwo ga mai lafiya zai warkar da ita idan aka tsarma shi sosai. Idan kun ga 30C a jikin kwalba, an ɗauki kashi 1 an zuba cikin kashi 99 na ruwa ko sifirit, aka maimaita haka sau 30. Tun daga wajen karo na 12 da wuya a sami ko ɓurɓushin asalin maganin. Ɗigo guda da aka zuba a kogin Rima ya fi wannan haɗi ƙarfi nesa ba kusa ba. Natrum muriaticum, wanda masu homiyofati ke zaɓa wa mai ciwon kan da rana ke tayarwa, asalinsa gishirin miya ne. A 2015 hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta tantance nazarce-nazarcen da aka yi, ta ce babu wata cuta da aka tabbatar homiyofati na maganinta. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi.

To me ya sa wasu ke rantsuwa sun ji sauƙi? Mai homiyofati yakan zauna da kai ya yi ta tambaya: wane ɓari ke ciwo, kana son gishiri, yaya barcinka, me ke damun zuciyarka. Wanda aka saurara yakan sami natsuwa, wannan gaskiya ne. Sannan shi ciwon ɓarin kai yakan lafa da kansa tsakanin awa 4 zuwa 72, sai yabon ya tafi ga abin da aka sha a ƙarshe.

Ciwon ɓarin kai yana zuwa da sara a gefe ɗaya, tashin zuciya, da ƙin haske da hayaniya, kuma mata sun fi maza fama da shi wajen ninki uku. A nan yankin, abubuwan da na fi ganin suna tayar da shi su ne wunin rana a fadamar shinkafa ba isasshen ruwa, kwanan masunta a kan ruwa ba barci, tsallake abinci, da lokacin al'ada. Ku riƙa rubuta ranar da ya taso da abin da ya gabace shi, ku kai wa likita. Akwai maganin tsayar da shi, akwai na rigakafi ga wanda yake yawan taso wa. Ku sani kuma, shan farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata yana haifar da nasa ciwon kan. Tiramol kuwa ƙara dagula lamarin yake yi.

Akwai ciwon kan da ba a kwana da shi a gida: wanda ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, wanda ya zo da shanyewar hannu ko karkacewar baki, na mai juna biyu da ke ganin dishi-dishi, da wanda ya haɗu da zazzaɓi da sandarewar wuya. Jiharmu na cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla da bazara, kamar yadda aka gani a Gwandu, Jega da Aliero a 2025.

Larura ta biyu ita ce bulimiya, wadda likitan ƙwaƙwalwa Gerald Russell ya fayyace a Ingila a 1979. Mai ita takan ci abinci mai yawa a ɓoye, ta kasa tsayawa, sannan tsoron ƙiba ya sa ta tura yatsa ta amayar, ko ta sha maganin zawo ko shayin rage tumbi. Da yake al'adarmu na son mace mai jiki, iyaye ba sa zargin komai, sai a ce gyambon ciki ne ko iska. Sau da yawa nauyinta daidai yake, shi ya sa abin ke ɓuya. Amma yawan amai yana cinye haƙora, yana kumbura gefen muƙamuƙi, yana zubar da sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice. Yunwa da ƙarancin ruwan da ke biyo baya kuma suna tayar da ciwon ɓarin kai. Maganinta zama ne a kai a kai da ƙwararre kan halayyar ɗan'adam, a gyara tsarin cin abinci, wani lokaci a haɗa da ƙwayar da likita ya rubuta.

Iyaye mata, idan 'yarki na shigewa bayi da zarar an gama cin abinci, ki ja ta ɗaki ki tambaye ta cikin lalama. Tsawa da gori ƙara ɓoyewa suke sawa. Ƙanwata mai wannan hali, ciwo ne ya same ki, kuma ana warkewa.

Ku fara da Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi. Idan ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya na Kware a Jihar Sakkwato. Ku tafi da duk kwalbar da kuke sha, ku nuna ba tare da jin nauyi ba. A fara gano ciwon tukuna, zaɓen magani ya biyo baya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.