Amsar Tambaya: Daga Bariki Zuwa Siyasa

Tambaya: Na yi ritaya daga aikin soja, jama'ar garinmu suna so in tsaya takara. In amsa musu?

Amsa: Yallaɓai, ka amsa, amma da shiri. A bariki umarni ake bi, a siyasa kuwa yardar jama'a ake nema. Dubi Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa. Ya zama mataimakin Obasanjo a 1976, ya tuɓe kaki a 1979, sannan ya daɗe yana ƙulla zumunci da 'yan siyasar Kudu da Arewa. Da ya nemi sojoji su sauka daga mulki, aka ɗaure shi a 1995, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997. Hidimar jama'a sai da sadaukarwa. Fara daga mazaɓarka, ka saurari dattawa da matasa, ka shawarci iyalinka, kuma kada ka zuba fanshonka a kamfe. Allah ya yi maka jagora.