Wasiƙa ga Matasan Birnin Gwari kan Saɓanin Sardauna da Malam Aminu

Ya ku samari da 'yan matan Birnin Gwari, na cikin gari da na ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku da Kuyambana.

Shekarun da aka kwashe ana zubar da jini a yankin nan sun raba kan mutane. Manomi Bahaushe da makiyayi Bafulatani, waɗanda iyayensu suka ci kasuwa ɗaya, yau da yawansu ba sa ga-maciji. A Facebook da TikTok har an jawo shugabannin farko cikin rigimar: wannan ya ɗora hoton Sardauna yana zagi, wancan ya ɗora na Malam Aminu Kano yana kirari, kowa na neman hujjar ƙin maƙwabcinsa.

Tarihi bai ba su wannan hujja ba. Sardauna, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa daga 1954 zuwa 1966, tsatson Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Malam Aminu kuma ya fito daga gidan malamai da alƙalai na Fulanin Kano. Asalinsu ɗaya, amma a siyasar Arewa babu hamayyar da ta kai tasu zafi. NPC ta Sardauna tana ganin a kawo sauyi sannu a hankali, tare da sarakuna. NEPU ta Malam Aminu, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta ce talaka ya gaji da zaluncin En'e da aikin tilas da haraji. 'Yan NEPU sun sha duka da ɗauri a kotunan alƙalai, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama. Duk da haka, abin da suka saɓa a kai shi ne yadda za a mulki talaka, ko wane yare yake ji.

Ayyukansu ma haka suka nuna. Gwamnatin Sardauna ta kafa jami'ar Zariya a 1962, ta kuma yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, don makiyayi ya samu inda zai kai dabbobinsa ba tare da ya faɗa gonar kowa ba. Ministocinta sun haɗa da Kirista irin su Michael Audu Buba. A ɗaya ɓangaren, da PRP ta Malam Aminu ta ci Kaduna da Kano a 1979, gwamnoninta Balarabe Musa da Abubakar Rimi suka soke haraji da jangali. Manomi ya huta, mai shanu ma ya huta.

Mutanen Birnin Gwari sun san abin da ke biyo baya idan hukuma ta yi sake da irin waɗannan batutuwa. Burtali ya shige cikin gonaki, daji ya zama mafakar 'yan bindiga, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum sama da 40 a Gwaska. Sai a watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla da 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe, masu saye da masu sayarwa suka dawo.

Nasihar ita ce ku gaji tambayoyin da waɗancan shugabanni suka yi ta muhawara a kai. Idan ɗan takara ya zo sanye da hula irin ta Malam Aminu, ko yana ambaton Gamji, wato Sardauna, ku tambaye shi: yaushe za a shata burtali da mashaya? Wa ke cin amfanin zinaren da ake haƙa a yankin? Makarantu nawa ne na ƙauyukan da aka tarwatsa za a sake buɗewa, har da na 'ya'yan makiyaya? Wane tanadi aka yi wa marayu da zawarawan da rikicin ya bari? Wanda ya kauce ya koma zancen ƙabila ko addini, ku maimaita masa tambayar a gaban jama'a.

Wanda ya samu hali ya ziyarci Gidan Arewa a Kaduna, inda Sardauna ya zauna, da Gidan Mumbayya a Kano, gidan Malam Aminu, ya ga takardu da hotunan da aka adana. Idan ya dawo, ya tara abokansa Hausawa da Fulani da Gwarawa a zaure ɗaya, su rubuta buƙatun mazaɓarsu kafin 'yan siyasa su fara yawon neman ƙuri'a.

Allah Ya zaunar da Birnin Gwari lafiya. Wassalam.