Marurun da yake zagaya gida

Da bazarar da ta wuce wata baiwar Allah ta kawo mini ɗanta mai shekara huɗu a asibitinmu na nan Damri. Maruru ne a ɗuwawunsa, ya kai girman ƙwan zabuwa, yaron ko zama ba ya iyawa. Ta ce, "Malam, wannan ne karo na uku tun bayan azumi. Na sayo masa Ampiclox a kemis, har kafso na fasa na barbaɗa masa, amma kamar ruwa nake ba shi."

Na tambaye ta ko akwai wani mai irinsa a gida. Sai ta shiga lissafi: yayarsa a hammata, maigida a ƙeya bayan aski, ita kanta ya taɓa fito mata a cinya. Soso ɗaya suke wanka da shi, yaran kuma tabarma ɗaya suke kwana. Ga ta da jaririyar wata biyu a goye. Wannan jaririyar ce ta tayar mini da hankali.

A wajenmu an ɗauka maruru zafin jiki ne yake fita. Gaskiyar magana, ƙwayar cuta ce mai suna Staphylococcus aureus. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ita a hanci ko a fata, kuma lafiyarsa ƙalau. Ƙofa take jira: susar ƙazuwa, ƙurajen zafi, cizon sauro, ko yankan aska. Akwai nau'inta da ake kira MRSA, wanda aka fara ganowa a Ingila a 1961, wanda Ampiclox da Amoxicillin da danginsu ba sa yi masa komai. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai MRSA ya kashe mutum sama da 100,000 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce kan gaba a mace-mace daga cututtuka masu bijire wa magani idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Mu ne muke horar da ƙwayar da hannunmu, duk sa'ad da muka sayi kafso huɗu muka sha biyu muka ajiye sauran don wani ciwon.

Na fasa wa yaron marurun da kayan aiki masu tsabta, mugunyar ta fita, na rufe masa. Sau da yawa wannan fasawar ita ce maganin, domin magani ba ya ratsa mugunyar da ta taru wuri ɗaya. Idan ciwo ya ƙi ji, sai an kai mugunyar ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a gano maganin da zai ci ta. Na san hanya ba lafiya, kuɗin mota ma aiki ne, shi ya sa nake nacewa a kan abin da za a iya yi a gida.

Na ce wa matar kowa ya sami sosonsa, ko na tsumma ne. A wanke zannuwa da sabulu a shanya su a rana mai zafi, a yanke wa yara farce, a rufe ciwo muddin yana tsatsa, wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu kafin ya ɗauki jaririya. Maigida ya riƙa zuwa wa wanzami da sabuwar reza. Gidajen da suka karɓi 'yan'uwa da rashin tsaro ya koro, ɗaki ya cika, su suka fi bukatar wannan.

Iyaye, don Allah kada ku matse maruru, musamman na hanci da leɓen sama. Idan kun ga zazzaɓi, ko kumburin yana faɗi, ko yaro ya fara ɗingishi, ko cibiyar jariri tana mugunya, ko mai shayarwa nononta ya kumbura, ko mai ciwon suga ne ya kamu, kada ku kwana da shi. Ku kawo shi asibiti a ranar, ku zo da kwalin duk maganin da aka riga aka sha.